Nima ce garinmu: a duba takardar Rukayya

Zuwa ga Shugaban Cibiyar Binciken Lafiya,

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da ke ɓoye cikin jini da tsoka. Aminci ya tabbata gare ka, ranka ya daɗe, da duk mai karanta wannan.

Ni dattijo ne mai karantar da hadisi a Nima. Ina rubuto maka ne kan 'yata Rukayya, wadda ta kammala digirin digirgir a Turai, ta nemi aiki a cibiyarku domin ta dawo gida.

Na farko, aikinta. Ta bayyana mini cewa cikin kowace ƙwayar halitta akwai sinadaran furotin masu miƙa wa juna saƙo, wannan ya karɓa daga wancan. Ita tana mayar da wannan silsila lissafi, kwamfuta ta nuna mata inda saƙon ya gurɓata har sankara ta samu ƙofa. Na gane nan take, domin haka muke bin isnadi mu gano mai ruwaya mai rauni. Sankara ce ta ɗauke mahaifiyarta. Ba don neman suna ta zaɓi wannan fanni ba.

Na biyu, abin da ya faru. A takardar neman aikin akwai gurbin garin asali. Ta tambaye ni, na ce ta rubuta Nima. Da shiru ya yi yawa na hau motar haya ta tirotiro na je ofishinku, sai ma'aikacinku ya shaida mini an ajiye takardar gefe, wai Nima zango ce, unguwar baƙi, ba garin asalin kowa ba. Azumi biyu ke nan ba amsa.

Ranka ya daɗe, kakana soja ne, a nan ya yi ritaya, a nan aka binne shi. A nan aka yanke cibiyata da ta Rukayya. Wane gari zan ƙirƙiro, in sa 'yata ta yi ƙarya?

Idona ya fara dushewa. Kowace Juma'a nakan sa a share ɗakinta a shimfiɗa darduma, ina jin muryarta ta waya kaɗai.

Roƙona biyu: a auna ta da iliminta, a kuma ba ta amsa a rubuce. In ba ta cancanta ba, zan yi haƙuri. In ta cancanta, a kira ta tun ina iya gane fuskarta.

Allah Ya yi maka jagora, Ya tara maka 'ya'yanka a gabanka ranar tsufanka.

Wassalam.

Mahaifin Rukayya,
Nima, Akra