Akwatin Tabar da Dung Ya Bar Mini

Asabar, 25 ga Oktoba, 1986

Gaskiya mutanen ƙasar nan sun ci gaba, dole a yaba musu. A wurinmu taba a bayan kunne take yini, ta kwana a aljihun riga. Nan kuwa an gina mata ɗaki na katako mai ƙamshi, da murfi mai nauyi, da wani ɗan agogo a ciki wanda ba lokaci yake faɗa ba, laima yake aunawa. Ni da Furera da 'yarmu Sailuba muna cushe a ɗaki biyu a Landover, hitar ɗumama ɗaki tana busar mana da hanci, ba wanda ya taɓa zuwa ya auna mu.

Dung, yaron nan ɗan ƙasarmu, shi ya kawo akwatin da rana. Humido wai sunansa. Da kwalin siga daban, ba sigari ba, irin mai kaurin nan da ake naɗewa da ganyen taba. Kamfaninsu ya tura shi aiki Ohio sai tsakiyar watan gobe, kuma ranar 23 za mu Bowie neman auren Constance wurin mahaifinta, Mista Alexander. Ni ne uban ango, tunda mutanen Dung duk suna Jos. Ya ce tsohon bai san goro ba, siga ita ce goronsa. In aka kai ta a bushe ko a lalace, an raina shi ke nan, magana ta mutu.

"Yaya Almu, kai ka san ajiya, a gidan goro ka tashi." Da wannan ya fara. Duk wanda ya fara magana da yabona, sai na shafa aljihuna.

Ƙa'idar wai: a goge cikin akwatin sama-sama da ruwan batir, a sa jiƙaƙƙen soso a ɗan faranti, a rufe, a bar katako ya sha a hankali. Kada a sa sigar sai allurar agogon ta tsaya a saba'in. Na ce wa ya ba ka wannan shawara? Ya ce Constance. To.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na sayo ruwan batir a kemis. Ruwa ne dai, an cire masa komai an ƙara masa kuɗi. Na ɗanɗana. Ko ɗanɗanon ruwan ma an cire.

Na goge, na sa soso, na rufe. Allura tana hamsin da biyu.

Furera ta ce, "Baban Sailuba, in baƙi suka shigo suka ga taba a falonmu fa?" Na ce sai mu ce akwatin gwal ɗinki ne. Ta ce ai sun san mijinta.

Laraba, 29 ga Oktoba

Hamsin da huɗu. Na buɗe da safe, na buɗe da azahar, na buɗe da na dawo daga kai kaya shaguna. Ba ta da niyyar tafiya.

Na zauna na yi tunani. Yarinya ta san ubanta. Uba ya san abin nan da wuyar sha'ani. Sai a ce wa ɗan Afirka ya kawo abin da bai iya ba, in ya kasa a ce ai mu mun so, shi ya gaza. Na ga irin wannan a kasuwa: wanda ba ya son sayar maka ba zai ce a'a ba, sai ya gindaya maka sharaɗi. Dung kuma injiniya ne, gada ya sani, bai san mutane ba. Shi kuwa ya tafi Ohio. In abu ya ɓaci, a hannun wa ya ɓaci?

Juma'a, 31 ga Oktoba

Yaran unguwa sun rufe fuska suna buga ƙofa a ba su alewa, wai bikinsu ne na shekara. Waɗannan dai sun faɗi abin da suke so.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Hamsin da takwas. Na soma zargin allurar ma. Wa ya san ko a kanti aka ɗaure ta? Ni na san masu sikelin da ke da nauyi biyu, na saye da na sayarwa.

Na buɗe kwalin sigar na matsa guda. Tauri kamar kara. Ubana da ya ga goro ya fara yaushi ba ya jiran allura. A jiƙa algarara a matse, a yayyafa ruwa da hannu, a lulluɓe. Huhun goro ya taso tun daga kurmi har Kano a haka bai mutu ba, sai ganyen taba ne zai gagare ni? Ganye ganye ne.

Na jiƙa sabon tawul a famfo, na jera sigar a ciki, na yayyafa, na naɗe, na sa a akwatin. Sosonsu ma na bar musu shi, kada a ce na karya doka.

Talata, 4 ga Nuwamba

Tamanin da biyar. An ce saba'in, na ba su tamanin da biyar, sauran gyara ne.

Dung ya bugo waya. "Yaya, allura fa?" Na ce tana gudu. Ya ce, "Allah shi albarkace ka, ban san yadda zan yi ba in ba kai." Yaron nan da gaske yake son yarinyar.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Murfin ya ƙi buɗuwa, sai da na sa gindin cokali. Wari kamar ɗakin da ruwa ya ci. Na saman sun kumbura, biyu sun tsage, ga wata fumfuna shuɗiya-shuɗiya a jikin wasu.

Na ce wa Furera dama ruɓaɓɓu aka sayar masa, kamar yadda ake ɓoye goro mai sangara, wanda tsutsa ta ci, a tsakiyar huhu. Ta duba, ta duba tawul ɗin, ta dube ni. Ta ce, "Tawul ɗin ma a kanti suka sa shi?"

Ban ci abincin rana ba.

Da yamma ta ce mutum ɗaya ne ya san abin nan a cikin waɗanda muka sani, kuma a Bowie yake. Na ce kin taɓa ganin an je wurin alƙali a tambaye shi yadda ake ɓoye laifi? Ta ce ba ta ce in gaya masa ba, ai ni gwanin bugun ciki ne. Ban gane ba ko yabo ne.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na je Bowie. Na ɗauki goro fari a aljihu, na ce gaisuwa ce ta uban ango kafin ranar, al'adarmu ce. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Na sami Mista Alexander yana tara busassun ganye a ƙofar gida. Dogo, baƙi kamar mu, furfura, tsohon ma'aikacin gidan waya. Matarsa ta rasu, Constance tana aiki. Ya shigar da ni wani ɗan ɗaki inda nasa akwatin yake, ya tsufa har ya yi sheƙi. Allurarsa kamar an kafe ta da ƙusa a saba'in.

Na fara daga nesa, yadda ake taya kayan da ba a so mai shi ya gane ana so. Na yaba gida, na yaba mota, na yaba akwatin. Na ce akwai wani abokina da ya sami irinsa, wai nasa ya haura tamanin, ko me ke kawo haka?

Ya cire tabarau. Ya ce, "Abokin naka guda nawa ya kashe?"

Na ce ban ƙirga masa ba.

Ya ce farin gari ne da ke goguwa da yatsa, ko shuɗi mai gashi? Na ce shuɗi, in ji shi. Ya ce to ya zubar da duk wadda ta kama, ya ware sauran, ya goge akwatin ya bar shi a buɗe ya sha iska, sannan ya sake daga farko. Ruwa katako ake ba, ba taba ba. Katakon ne zai riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. "Kuma ka ce masa ya daina buɗewa. Duk leƙen da ya yi, aikin baya yake komawa." Na ce abokina yana zargin allurar. Ya ce wannan yana da gaskiya, sababbi sukan yi ƙarya. A sa gishiri mai ɗan danshi a murfin kwalba, a rufe shi da agogon a leda, ya kamata ya nuna saba'in da biyar. Abin da ya rage ko ya ƙaru, shi ne girman ƙaryarsa, sai a riƙa cirewa.

Sai ya rufe akwatinsa ya ce yanzu nasa tambayar. "Yaron nan yana da mata a gida?"

Na ce wa ya ce?

Ya ce kowa a cocinsu ya gaya masa haka muke yi. Mata a can, 'yar mutane a nan saboda takardar zama.

Raina ya ɓaci. Na ce Baba, Dung takardarsa kamfani ya yi masa tun kafin ya san 'yarka. Na san gidansu, na san uwarsa, tana sayar da dankali a Bukur. Tun ranar da na ɗauko shi a filin jirgi da jaka ɗaya ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ni kuwa sana'ata ke nan, kama mutane. Na ce bai kamata a zauna ana zargin mutum tun bai yi komai ba.

Ya dube ni. Ya ce, "Haka ne. Bai kamata ba."

Ban so yadda ya faɗe ta ba.

Na ba shi goro. Ya gutsura, fuskarsa ta tattare kamar an mare shi, amma ya haɗiye. Ya tambayi yadda ake ajiye shi. Na ce a jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce, "Aha." Shi ke nan abin da ya ce.

Da zan tafi ya buɗe akwatinsa ya ɗebo siga ya naɗe a leda. Ya ce in kai wa abokina ya cike gurbi, kada surukinsa ya ga rami.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Me yake so? Ba a ba ɗan kasuwa kaya haka kawai.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Gwajin gishiri: saba'in da ɗaya. Allurar tana rage huɗu. Dama na faɗa. Furera ta ce huɗu ne nata, sauran nawa ne.

Na zubar da waɗanda suka mutu can ƙasan bola. Na sake daga farko. Ruwan batir, soso, rufe.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Ban buɗe ba. Furera ta ɗora tukunyar fulawarta a kan murfin, ta ce in ta ga ta motsa za ta sani. Ina wucewa ta gefensa kamar mai azumi a gaban mai tsire.

Wataƙila so yake ranar ya tona ni a gaban kowa, ya ce ga irin mutanen da yaron yake tare da su. In haka ne ya iya shiri.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Sittin da shida, wato saba'in in an mayar mata da huɗunta. Na cire soso, na jiƙa wani ɗan abin riƙe laima da ya zo manne a cikin murfin, na jera sigar, na tsohon a gefen dama. Zoben takardar da ke jikinsu ya ɗan bambanta. Dung ya dawo, ya leƙa, bai lura ba. Injiniya.

Ya rungume ni. Na so in gaya masa. Sai na ga ba ranar ba ce.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Mun je bayan sun taso daga coci. Ni da babbar riga, Dung da kwat yana gumi cikin sanyin nan, Furera da atamfa da ƙwaryar goro, ta ce ko ba a ci a gani. Constance ta buɗe ƙofa. Ta rusuna ta ce mini "sannu da zuwa, Yaya" da Hausarta mai tsalle. Yarinya ce mai hankali, wannan ban taɓa musu ba. To, ban faɗa da ƙarfi ba dai.

Na yi jawabi. Na ce mun ga fure a gidan nan, mun zo da ladabi. Dung ya miƙa akwatin da hannu biyu.

Tsohon ya buɗe a hankali, ya dubi allura, ya ƙwanƙwasa ta da farce. Hannunsa ya wuce hagu, ya wuce tsakiya, ya je dama ya ɗauko tasa. Ya murza ta a kusa da kunne, ya shinshina. Ya ce wa Dung, "Ɗana, wanda ya zaɓi wannan ya san taba. Wa ya kula maka da akwatin?" Dung ya nuna ni. Tsohon ya ce, "An ga hannun mai haƙuri."

Furera ta kama tari.

Ya ba da ita. Constance ta yi kuka, Dung ya rasa inda zai sa hannunsa. Aka ci kaza da wani ganye mai kama da rama.

Talata, 25 ga Nuwamba

Har yanzu bai nemi komai ba. Na jira waya jiya, shiru.

Da za mu fito ranar ya ja ni gefe ya nuna mini sauran goron da na ba shi, a jiƙaƙƙen hankici cikin gwangwani. Ya jiƙa shi da yawa, ya fara baƙi. Na ce Baba, matsewa ake yi, ba wanka ake masa ba. Ya ce to in zo Asabar in nuna masa, yana da kofi.

Zan je. Ba don komai ba, mutum irin wannan gara a sa masa ido kusa. Na ware masa farare masu kyau daga sabon kaya, ba na sayarwa ba.

Sai dai abin da na kasa warwarewa ke nan tun shekaranjiya. Mutum ya ba ka kayansa, ka kai masa su a matsayin kyauta, ya yi godiya, ya ɗora maka 'yarsa a kai. A cinikin nan, wa aka cuta?