Man da Kike Ɗiga wa Birkina

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko bayan dogon zafi, malamar da ta fi ƙarfin ɗalibinta, matata kuma ƙawata,

Na san kin fara murmushi, kina cewa a ranki wannan mutumin me ya ci yau. Kina da gaskiya. Shekara goma sha huɗu muna tare, ban taɓa rubuta miki abin da ya wuce "makulli yana ƙarƙashin tukunyar fure" ba. Yau kuwa ga ni a maɗaba'a lokacin hutun rana, injuna sun yi shiru, warin gam da tawada ya cika ɗakin, na ture littattafan da nake ɗaurewa gefe, na jawo ragowar takarda. Akwai maganar da nake riƙe da ita wata biyar ke nan. Duk ranar da na zo zan faɗa, sai ki ɗago ki dube ni ta saman tabarau, ni kuma in tambaye ki ko kin ga safata.

Asabar mai zuwa shekara guda ke nan cif da na faɗi a kwanar gangaren nan. 'Yar tsakuwa ce a kan kwalta, wadda ba ta kai cikin tafin hannu ba. Tayar gaba ta zame, ni da keke muka rabu ba sallama, ƙashin cinyata ya karye gida biyu, kafaɗa ta goce. Kin tuna gadon asibitin da ke bakin taga, mai koren labule? Kin tuna yayata, Yaya Babba, tsaye a kaina, hannu a ƙugu? "Ƙato da kai, ga furfura a gemu, kana tsere da samari a titi! Yanzun nan a gabana za ka yi wa matarka alkawari." Na kama hannunki na ce na daina, ni da keke har abada. Yaya ta ce madalla. Ke kuwa matashin kaina kawai kika gyara.

Wa zai iya lissafa abin da kika yi bayan nan? Ke kika zama ƙafata, ke kika zama kafaɗata! Kin yi mini wanka a kan kujerar roba ina ƙunƙuni kamar tsohon da aka ƙwace wa rediyo. Kin sauko da gadonmu falo don kada in hau bene. Kin sha faɗan da ba ki ci ba ba ki sha ba, don kawai cokali ya faɗi ban iya sunkuyawa na ɗauka ba. Ranar da na yi jifa da sandar dogarawa har ta fasa gilashin hoton aurenmu, kika share kwalaben, kika miƙo mini sandar, kika ce, "Hannun dai ya warke, saura ƙafar." Ya Allah, wace irin mace ce wannan? Ni da na cancanci a bar ni da bango, aka ba ni dariya.

Sai ɗakin gashin ƙashi, da matar nan 'yar firit mai hannu kamar filaya. "Lanƙwasa, Malam. Kukan na gida ne, nan aiki ake yi." A lungun ɗakin akwai keken da ba ya zuwa ko'ina, an kafe shi a ƙasa yana kallon bango da tsohuwar kalanda. A wata na biyar ta ɗora ni a kansa. Na danna feda, ta yi rabi ta tsaya, na cije, ta zagayo. Zagaye ɗaya tak! Ƙirjina ya buɗe kamar an ɗaga tagar ɗakin da ya daɗe a rufe, nan take kuma kunya ta rufe ni, don na tuna alkawarina. Na saci kallonki. Kina kan benci kina duba littattafan ɗalibanki, kanki a sunkuye, amma jan biron ya tsaya cak. Na gani, ban nuna na gani ba.

Kekena kuwa ban ƙara tambayarsa ba. Na san abokan hawana sun kwaso shi daga titi a lanƙwashe, na kuma san akwai wani abu a sito an rufe shi da tsohon zanen gadonmu mai ruwan ƙasa. A raina gawa ce, kuma ba na son ganin gawar. Sai a wata na bakwai, ranar wata Talata, kina makaranta, na shiga neman guduma. Hannuna ne ya yaye zanen, ba ni ba.

Ya ke hasken gidana, me kike tsammani na gani? Ƙafar gaba a miƙe sumul. Kan keken a daidai. Na matsa taya da babban yatsa, na ji ta da tauri kamar dutse. Duk mai keke ya san taya ba ta wata bakwai da iskarta, ko wata ɗaya ba ta yi, wato wani ya yi mata famfo a cikin makon nan. Na sunkuya kan sarƙa, tana sheƙi, sai ƙamshin ya buge ni. Man nan ne na 'yar kwalba mai dogon baki da kika gada daga Baba, Allah ya jiƙansa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana gyaran agogo. Wa bai san ki da kwalbar nan ba? Ƙofa ta yi ƙara, ki ɗiga mata. Fanka ta yi kuka, ki ɗiga mata. Ƙanwarki takan ce da ana ɗiga wa mutane, da tuni kin yi maganin surutun Yaya Babba. Na zauna a kan bokitin fenti na yi kukan da ban yi ba ko a asibiti.

Daga nan sai wautar maza ta motsa. Na ce daga ƙofar gida zuwa ƙarshen layi kawai, ba wanda zai sani. Na hau. Iska ta taɓa fuskata, wallahi har waƙa na fara. Kin san layinmu yana da 'yar gangara wajen gidan tsohuwar nan mai shingen furanni. Na matsa birki. Shiru. Na matsa duka biyun har yatsuna suka yi fari. Keke ya ci gaba da tafiyarsa cikin natsuwa, ya kai ni cikin shingen, ya ajiye ni a hankali, ƙafafu a sama. Tsohuwar tana ban ruwa, ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, daga asibitin kake, ko can za ka koma?" Ƙarcen da kika gani a wuyana ran nan, na ce miki reza ce, to ba reza ba ce.

Na tura shi zuwa rumfar mai gyaran keke. Ya cire robar birki, ya shinshina, ya dube ni, ya fashe da dariya har sifana ta faɗi daga hannunsa. "Malam, wannan aikin mai ƙaunarka ne. Maƙiyi ba shi da haƙurin bin roba huɗu ɗaya bayan ɗaya ya shafe su tsaf haka." A bakinsa na ji sauran labarin. Ashe tun ina kwance a gadon asibiti kika turo keken da hannunki, kika tsaya a rana har ya miƙe ƙafar, kika ce kada ya kuskura ya gaya mini. Ya ce kin matsa birkin kin ji yana ƙara, kika tambaye shi ko wannan ƙarar ce ta kayar da mijinki. Ya ce miki a'a, haka birki yake. Kika yi shiru. Na san wannan shirun, na malama ne idan ɗalibi ya ba ta amsar da ba ta gamsu da ita ba.

Abar ƙaunata, bari in faɗa miki a hankali, kuma ki riƙe hannun kujera. Birki ba ya son mai. Shi kaɗai ne a jikin keke aikinsa ya kama, ba ya sulɓe ba. Ƙarar da kike kashewa, ita ce shaidar yana aiki.

Tun daga ranar muka shiga wani irin zama da ban taɓa jin ma'aurata sun yi ba. Kowace Alhamis, idan kin dawo makaranta kafin in taso aiki, ki shiga sito ki yi famfo, ki goge sirdi, ki ɗiga wa sarƙa, ki ɗiga wa birki. Kowace Juma'a ni kuma in lallaɓa da ruwan sabulu da samfefa in wanke abin da kika ɗiga. Asabar da sassafe in ce zan je motsa jiki, ki ce a dawo lafiya ba tare da kin ɗago ba. Ba ki taɓa furta kalmar keke ba, ni ma ban taɓa ba. Amma kullum gorar ruwana tana cikin firji a cike, da ɗan gishiri da sukari, wandon hawana kuma a wanke a ninke a kan hular kwano.

Da wannan na tashi daga kilomita biyar zuwa goma, daga goma zuwa arba'in. Dogo, abokin hawan nan da kike cewa ƙafafunsa sun fi shi hankali, yakan jira ni a saman kowane tudu yana yi kamar sarƙarsa ce ta zame, don kada in ji kunya. Ranar da na fara cika ɗari, jijiyar cinyata ta ɗaure a kilomita tamanin da uku, na kwanta a gindin bishiya ina kallon ganye, na ce shi ke nan, na gama. Na kai gora baki, na ji gishirin hannunki, na tashi. Ranar ɗari da hamsin ruwan sama ya dake mu awa biyu, ƙarfen da likitoci suka sa mini a cinya ya yi sanyi har cikin ɓargo, ina tafe ina dariya ni kaɗai, Dogo yana waiwayena yana zaton na zare. Ina zai san abin da nake tunawa? Ke nake tunawa, durƙushe a sito da kayan makaranta a jikinki, kina ɗiga mai da harshenki a gefen baki kamar yadda kike yi idan kina zura zare a allura.

Za ki ce me ya hana ni magana tun tuni. Tsoro ne, kashi biyu. Na ji tsoron ranki ya ɓaci, ki ce ashe da hannunki kika kusa mayar da ni gadon koren labule, ki daina barci. Na kuma ji tsoron idan kin san na sani, ki daina shiga siton. Man nan shi kaɗai ne wasiƙar da kike rubuta mini a kan wannan magana, kuma ban ƙoshi da karanta ta ba. Kowace Juma'a sai na shinshina kafin in wanke.

Amma yanzu ba dama. Asabar ɗin nan akwai tafiyar kilomita ɗari biyu, kuma hanyar ta bi ta gangaren nan, ta kwanar da ta karya ni. Mai gyara ya ce roba tana shan mai a hankali, wata rana wanki ba zai fitar ba. Wannan mai sauƙi ne, an sake sa sababbi jiya. Mai wuyar shi ne alkawarin. Na kama hannunki na ce na daina, ban daina ba, kuma wata biyar ina fakewa da shirunki ina kiransa izini. Ba zan iya gangara wannan tudun da shi a wuyana ba. Dogo ya ce kwanar ba ta san ni ba, ni ne na san ta. Ba kwanar nake tsoro ba. Ina tsoron in kasance mutumin da ya ɗauki haƙurin matarsa ya mai da shi hanya yana bi ta kai.

Don haka ga roƙona, ya ke wadda numfashina ke komawa gare ta komai nisan da na yi. Gobe Alhamis. Zan taso aiki da wuri, in zauna a kan bokitin fentin nan. Idan kin yafe mini alkawarin, ki shigo da kwalbar Baba, in nuna miki inda ake ɗigawa da inda ba a taɓawa, mu yi aikin tare, ƙofa a buɗe. Idan kuwa zuciyarki ba za ta iya ɗaukar wata Asabar ta jira ba, kada ki wahalar da kanki da bayani. Ki shigo da zanen gadon nan mai ruwan ƙasa, ni zan kama miki ɗaya gefen mu rufe shi. Wallahi ba za ki ga ɓacin rai a fuskata ba, ko na ɓoye. Kin ba ni ƙafata, kin ba ni wata biyar na iska da hanya waɗanda ban roƙa ba, ban kuma cancanta ba. Na gode, na gode, har bakina ya gaji ban gama ba.

Abin da kike ji yana motsi a cikin ambulan ɗin nan, robar birki ce, ɗaya daga cikin na farkon da suka kai ni cikin furannin tsohuwa. Har yanzu tana ƙamshin man. 'Yar'uwarta tana aljihun bayan rigata, ta bi ni kowace kilomita tun daga ranar, kuma ko na hau ko na sauka har abada, a jikina za ta tsufa.

Naki ne ni, a kan sirdi ko a kan kujerar roba, da ƙarfe a cinya da ke a zuciya, har ranar da numfashi zai tsaya.

Mijinki,
wanda zai kasance a sito tun ƙarfe huɗu.