Zauren Baba da Ka Sa Anka Rushe

Zuwa ga Yaya Garba, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida iyali, da fatan kasuwar albasa tana tafiya. Na kira wayarka har na gaji ba ka ɗauka ba, shi ya sa na rubuto nan inda kowa zai karanta. In abin ya ba ka kunya, ni ma na sha tawa ranar Talata.

Ranar na taho Wurno daga Rabah in duba Inna. Ɗan kabu-kabu ya sauke ni ƙofar gidanmu, na ce mai ya ɓata layi. Ashe bai ɓata ba, zauren Baba ne babu. Tulin ƙasa na iske, da bulo an jibge a gefe, da leburori uku suna shan hura. Na tambaye su wa ya sa su. Sunka ce kai, ta waya.

Ta waya, Yaya? Zauren da Baba ya yi wa tubali da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, tun ba a haife mu ba? Ko zuwa ba ka yi ba ka tsaya a kansa.

Ka manta ko wane ne ubanka a garin nan? A da, duk unguwarmu, daga bakin kasuwa har hanyar hubbare, da wuya ka wuce gida biyar ba ka ga aikinsa ba. Shi ya gina soron gidan Liman, shi ya gina rumbunan gidan Sarkin Pawa. Har Gandi da Kwargaba ana zuwa ɗaukarsa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai ya hau ya yi yaɓe, kai kana miƙa mai ƙasa. Yakan ce, "Ku taɓa bangon ga. In da sanyi tsakar rana, to aikin ya yi."

Yanzu mi ya rage? Na gidan Liman an mai da shi siminti. Maƙerar su Audu ta zama shagon cajin waya. Wurin da Goggo Tumba take sai da hura an yi gidan mai. Duk ban ce komai ba, don kayansu ne. Namu kaɗai ya rage mutum ya nuna wa ɗansa ya ce ga yadda mutanen Wurno sunka yi gini, kai kuma ka kashe shi don a gina shaguna biyu a wurin.

Kuma ba ginin kaɗai ka taɓa ba. Baba Mudi tela shekara nawa yana ɗinki cikin zauren nan? Shi ya ɗinka maka rigar saukar karatu. Shi ya yanka likkafanin Baba. An ba shi kwana biyu ya kwashe kayansa. Na iske shi gindin dogon yaro da kekensa, ya ɗaura leda a sama saboda kashin tsuntsaye. Da na durƙusa na gaishe shi, bai yi ƙorafi ba ko kaɗan. Tambaya ya yi ko kana lafiya. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Azarar ma, wadda Baba ya ɗauko da jakai daga fadama, leburorinka sun ba mai gidan burodi. Na bi ta can da ƙafata, na iske rabi ya riga ya shiga wuta. Guda huɗu na ƙwato, suna nan tsakar gida.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce zauren yana yoyo, kuma hayar shaguna za ta riƙe Inna. Ban musa ba. Kai kake aiko mata da abinci da magani, Allah ya sani, ni ma na sani. Amma yoyo yaɓe yake so. Kuma ni ɗiyar gidan ce. Mi zai rage ka in ka tambaye ni?

Ka san idon Inna ya tafi. Bangon zauren take dafawa ta fita gidan Goggo Tumba kowace safiya. Tun ranar da anka rushe shi ba ta fita ba, don in ta miƙa hannu ba ta taɓa komai.

Leburorin sun ce bayan Salla za ka sa a faɗa wa shigifar Inna, a yi mata ɗakin kwano. To ka ji. Na yi magana da maigidana, ya yarda, na kwaso kayana na dawo ɗakin. Wanda duk ka aiko zai iske ni ciki. In kana son ta faɗi, ka hawo mota ka taho ka ɗauki diga da hannunka, gaban Inna.

Abu ɗaya ya rage, shi ne ya fi ci mini rai. Jiya mata sunka shigo yi wa Inna jaje, wata ta fara ambaton sunanka. Inna ta tare ta, ta ce, "Ba Garba na ba. Ni na ce a kada shi, ya tsuhwa." Ƙarya ta yi, Yaya, tsohuwar da ban taɓa jin ta yi ƙarya ba, don kada a zage ka a gari. Da sunka fita ta juya ta fuskanci bango, ta ƙi cin tuwo.

Ba fushi take da kai ba. Muryarka take son ji. Ni ma, duk da abin da na rubuta, kewarka nake yi. Shekara uku ke nan ba ka taka garin nan ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Inna haƙuri da lafiya. Allah ya tsare ka a can, ya sanyaya zuciyata a kanka, ya kawo mana kai gida.

Ƙanwarka,
Hadiza, daga ɗakin Inna, Wurno.