Agogon da Ba Ya Son Zama

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya, gwiwa kuma tana sauƙi. Mijina da yara suna gaishe ka.

Baba, tunda ka ce a waya ba na barinka ka kai ƙarshen magana, ga ni na dawo takarda kamar yadda kake so. A cikin kwalin nan akwai agogo. Ka tuna hotonku kai da Mama, Allah ya jiƙanta, wanda ka jingina da motar ma'aikata kana miƙo hannu gaba kamar agogon aka zo ɗauka? Na daɗe ina neman irinsa. Wannan sabo ne, amma an ƙera shi a kan fasalin na da. Ba ya cin batir, ba a kuma wana shi. Mai kantin ya ce motsin hannun mai shi ne abincinsa.

Sai magana ta biyu. Likita ya ce aikin gwiwar ya yi kyau, tafiya ce kawai ta rage, kai kuma wata uku ke nan ba ka wuce bakin ƙofa ba. Ɗakin da ke kusa da na yara mun share shi, har labule na sa. Hankalina ba ya kwanciya kana zaune kai kaɗai a kujerar nan daga safe har yamma. Ka dawo wurinmu, Baba.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta

*

Zuwa ga Autata,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙo, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki. Ki shafa min kan yara.

Agogo dai ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Da na buɗe kwalin sai na tuna agogona na da. Fuskarsa ba fara fat ba ce, ta ɗan yi ruwan madara kamar ta wancan. Babu tarkacen lambobi, 'yan sanduna ne sirara, hannayensa ma sirara, gilashin kuma ya ɗan yi tudu a tsakiya yadda haske ke zamewa a kansa. Ba irin faifan da samarin yanzu ke ɗaurawa ba ne. Yana shigewa ƙarƙashin hannun riga salin alin. Hannun daƙiƙa ba ya tsalle, tafiya yake sumul kamar mota a sabuwar kwalta. Na juya bayansa na ga nan ma gilashi ne, ana hango wani ƙarfe mai siffar rabin wata yana lilo. Na yi rabin awa ina kallonsa, har shayina ya huce.

Laifinsa na farko, fatar tana da tauri, ta ɗan ci min hannu. Na biyu kuwa babba ne: agogon nan mataccen agogo ne. Kwana biyu ya yi a hannuna, ran na uku ƙarfe huɗu da minti goma ya tsaya cak. Na girgiza shi ya farka, kafin gari ya waye ya sake sumewa. An cuce ki, Auta. Ki mayar musu da kayansu. Ni da na yi shekara talatin da biyu ina tuƙa motar ma'aikata ban taɓa makara ba, ba zan ɗaura abin da sai an tashe shi daga barci ba.

Maganar ɗaki kuwa, ki cire labulenki ki yi wani abin da shi. Gidan nan ni na sa kowace ƙofa da ke cikinsa, itacen lemon tsakar gida kuma Mamarki ce ta dasa. Ba zan hau bene hawa na uku in zauna inda mutum ba ya ganin mai wucewa balle a gaisa ba.

Mahaifinki

*

Baba,

Ina gaisuwa. Na yi dariya har abokiyar aikina ta leƙo daga bayan kantar magani ta ce lafiya?

Agogo lafiyarsa ƙalau. Wannan rabin watan da ka gani yana lilo, shi ke wana shi, kuma ba ya lilo sai hannu ya motsa. Idan ya ƙoshi yakan yi kusan kwana biyu a ajiye bai tsaya ba. Ka ga ke nan ba agogon ne ya mutu ba, tona maka asiri ya yi. Daga kujera zuwa tabarmar salla, daga nan zuwa kujera, me zai ci?

To ga shawara, tunda kai mutum ne mai son ƙa'ida. Daga ranar da takardar nan ta same ka, wata biyu cur. Idan agogon bai tsaya ba ko sau ɗaya, na yarda kana motsawa, ba zan ƙara tayar da maganar ɗaki ba. Idan ya tsaya, zan zo da mota. Ba na buƙatar shaida. Tun ina ƙarama ban taɓa jin ka faɗi abin da ba haka yake ba, maganarka ta ishe ni.

Ka huta lafiya. A'a, kada ma ka huta.

Auta

*

Autata,

Gaisuwa mai yawa. Na karɓi sharaɗi, kuma yau kwana ashirin da uku agogo bai ko yi tari ba. Ki gaya wa mijinki ya mayar da ɗakin nan wurin ajiye kaya.

Yanzu na san halinsa sarai. Yana ɗan gaggawa. Nakan gwada shi da labaran rediyo, a mako yakan wuce da kamar minti ɗaya, sai in ja ɗan maɓallin gefe in dawo da shi. Ban riƙe shi da wannan ba, gara mai sammako da mai makara. Fatar ta yi laushi, ta bi hannuna, har ta fara duhu a inda nake ɗaurewa. Ba ya haske a duhu, amma ni ma ba na yawo a duhu. Ina cire shi in zan yi alwala, don ban yarda da shi da ruwa ba. In ka kara shi a kunne za ka ji yana 'yar magana da sauri da sauri. Wancan na da ma haka yake yi, Mamarki takan ce wai gulmarta yake kawo min.

Jiya mai faci na bakin gada ya riƙe hannuna ya ce, "Direba, wannan ai tun na zamanin samartaka ne, a ina ka ɓoye shi?" Na ce masa sabo ne dal. Ya rantse ƙarya nake.

Kada ki tambaye ni abin da ya kai ni bakin gada. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Mahaifinki

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Wannan takarda ba ta da daɗin rubutawa, sau uku ina yage ta.

Jibi wata biyu ke cika, agogo kuma bai tsaya ba. Da zan yi shiru a nan da na ci. Amma kin ce maganata ta ishe ki, wannan kalma ita ta hana ni sakat. Gaskiya ita ce ba ni na ciyar da agogon nan ba.

Da farko na gwada kaɗa shi ina zaune, kafaɗata ta riƙe. Na yi tunanin ɗaura shi a fanka, na ga zai iya tashi sama ya bar ni da jin kunya. Sai na tuna Gwaggonki da keken ɗinkinta mai feda. Abin da ke lilo daga safe har yamma ai shi agogo ke nema. Na haɗiye girman kai na je shagonta, ko da yake kin san mun kwana biyu ba ma ga maciji. Ta yarda. Kullum da safe nakan kai mata shi ta ɗaure a fedar keke, in koma gida, da la'asar in je in karɓo. Ban shiga motar haya ba, don ba zan zauna a bayan yaran nan masu taka birki da addu'a ba. Da ƙafa nake zuwa, minti arba'in a farko, yanzu ashirin da biyar.

Ke nan keken Gwaggonki ne ya cika sharaɗi, ba mahaifinki ba. Na ji kunya ƙwarai, kuma ina baƙin cikin barin gidan nan fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma alkawari kaya ne. Ki zo da motar ran Asabar. Na fara haɗa kaya. Lemon zan bar wa maƙwabci ya riƙa ba shi ruwa.

Ki yafe wa tsohonki.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Sallama da gaisuwa. Ya aiki, ya maigidan, ya jikokina? Ki yi haƙuri da rubutun, a kan teburin yanka nake yi, da biron da nake rubuta awo.

Yau Yaya ya shigo shago fuska kamar an aiko masa da sammaci, ya ce ya rubuta miki ya tona kansa, wai ran Asabar za ki zo ki kwashe shi. Na ce to, Allah ya kai mu. Yana fita na jawo takarda, don in ban faɗa miki ba cikina zai fashe.

Ranar farko da ya zo, shekara biyu rabon da ya taka shagona, tun da ya ce na ɗinka masa wando kamar na mai shirin tsallake kogi. Ya iso yana haki, yana dogara sanda, gumi har cikin kunne. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ke, ɗaura min wannan a fedarki." Na ce, "Yaya, agogo ne fa." Ya ce, "Na san ba akuya ba ce, ɗaura." Da ya yi min bayani na gane inda aka dosa. Na ɗauko roba na ɗaure a gabansa, na ce ya dawo da la'asar.

Auta, shekara nawa ina kan keke? Na san abin da feda ke yi wa ƙafar mutum, balle ɗan abu mai gilashi gaba da baya. Yana shan kwana na kwance shi, na naɗe a ƙyalle, na sa a gwangwanin maɓallai. Haka nake yi kullum. Agogon nan bai taɓa yin lilo ɗaya a kekena ba. Idan na hango shi tafe sai in yi maza in mayar. Ranar da ya zauna hira kuwa, sai in ce yau aikin hannu gare ni, in ɗauki allura in yi ta kalmasa har ya tafi.

To ki lissafa da kanki. Sawu huɗu a rana, biyu da agogo a hannu. Kuma ba ya tafiya kai tsaye, sai ya tsaya wurin mai faci ya koya masa aikinsa, ya tsaya wurin mai jarida su yi musu, kuma kin san shi, da hannu yake bayani. Ran Lahadi ma da ba na buɗewa sai ya biyo ni gida wai ya zo duba ko keken gida yana aiki.

Sandarsa tana nan bayan ƙofar shago yau kwana goma sha tara. Mantawa ya yi da ita, bai kuma taɓa tambaya ba. Da ita nake jawo labulen sama.

Ban gaya masa ba don na san halin ɗan'uwana, in ya ji magani ne zai daina sha. Kuma, in faɗa miki gaskiya, na ji daɗin ganinsa. Mu biyu muka rage. Ki bar min shi a nan.

Gwaggonki

*

Baba,

Ina gaisuwa, kuma na yafe tun kafin ka roƙa. Na yi kuka da na karanta takardarka, na kuma yi dariya da na karanta wadda na haɗo maka da ita a cikin ambulan ɗin nan. Ta Gwaggo ce. Ka zauna kafin ka buɗe, wannan karon na yarda ka zauna.

Ba zan zo da mota ran Asabar ba. Ka kwance kayanka, ka ba lemon Mama ruwa da hannunka.

Auta

*

Autata,

Na karanta. Sau biyu.

Wato ni za a yi wa haka, da furfurata? Wata biyu ina yi wa gwangwanin maɓallai sammako! Ba zan yafe wa Gwaggonki ba, kuma gobe da safe zan je in gaya mata haka baki da baki. Jibi ma zan koma, don maganar ba mai ƙarewa a zama ɗaya ba ce. Sandar kuwa ta riƙe abarta, na bar mata.

Labulen ɗakin nan kada ki cire tukuna. Zan zo ƙarshen wata in kwana biyu in ga yara, kwana biyu fa na ce. Ki ƙirga min matakalar benenku ki aiko min da adadin. Agogo yana hannuna yanzu haka, ƙarfe tara saura minti shida, kuma tun safe bai ci komai ba. Bari in tashi.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki