Yaya Iliya, Sun Raba Kwamfutarka Gida Uku

Zuwa ga yayana Iliya,

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan kana cikin hutun Ubangiji, kai da Baba. Mu nan Barnawa muna nan lafiya, in dai ana kiran abin da muke ciki lafiya. Mama tana gaishe ka, ƙafar ce dai har yanzu. Na san babu gidan wayar da zai kai maka wannan takarda, shi ya sa zan bayar a buga ta a jarida, ko waɗanda ya kamata su ji kunya za su gani. Ko da yake na san halinsu, za su karanta su ba mai ƙosai ta naɗe kayanta.

Ka tuna Asabar ɗin da ka zaunar da ni gaban kwamfutar da ka taho da ita daga karatu a Amurka? Ka nuna mini injin mai madannai kamar tafireta, da allonsa mai kama da ƙaramin talabijin da kake kira monita, da kaset-kaset shida a cikin kwalin takalmi. Ka ce, "Hannatu, waɗannan 'yan ɗaki ɗaya ne, in aka raba su babu mai amfani." A cikin kaset ɗin nan ka adana abin da ka shafe kusan shekara kana kwasa daga bakin Baba kafin ya rasu: kalmomin yarensa, sunayen kakanninmu, waƙoƙin noman citta. Ka san yaren Mama daban ne, da Hausa muka tashi, ni ko gaisuwa da yaren Baba ban iya ba. Na ce ka rubuta a takarda ma. Ka yi mini dariya, ka ce takarda gara ce ke ci. Wannan kam laifinka ne, kuma ban yafe ba tukuna.

Mako guda bayan hatsarin motar nan ya raba mu da kai, dangin Baba suka taru rabon kayanka, tunda ba ka bar mata ko ɗa ba. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka baje komai naka. Yaya, da ka ga idanunsu. Mutanen da suka yi ta birgima a bakin kabari su ne suke gwada takalmanka, suna tattakawa su ji ko ya matse. Wani har shinshina kwat ɗinka ya yi. Sai da na koma bayan ɗaki na zubar da yawu.

Baba Ƙarami, ƙanen Baba, ya rungume monita ya ce talabijin na babba ne. Gwaggo Laraba ta ɗauki kwalin kaset ta ce tana son waƙoƙin Turawa. Ni aka turo mini injin da tarkacen wayoyinsa da rikodarsa mai karanta kaset, wai tunda aikin tafireta nake yi a ofis. Na buɗe baki zan yi bayani, Baba Ƙarami ya daka mini tsawa: "Tun yaushe 'ya mace take magana a kan tabarmar rabo? Al'ada ce, ba ke za ki koya mana ba!" Da za su tafi na bi Gwaggo har bakin titi na roƙe ta ta adana mini kaset ɗin. Ta ce suna nan a ajiye, kada in damu.

Na ɗauka allo allo ne. Na jona injin da talabijin ɗin Mama ta ramin eriya, na yi ta murɗa tasha. Abin da ya fito sai layuka baƙaƙe da farare suna gudu sama, ko harafi ɗaya ba a iya karantawa. Na kinkimi komai a tasi zuwa Kakuri, shagon Oga Chidi mai gyaran rediyo da talabijin. Ya jujjuya, ya gwada da nasa guda biyu, duk haka. Ya ce da irin Hausarsa, "Sista, talabijin naka lafiya ne, inji ma lafiya ne. Tsarin hoto na Amurka daban, namu daban. Kawo allon da ya zo da shi." Ya kuma ja mini kunne kada a kuskura a sa allon a wutarmu kai tsaye, sai ta baƙar taransfoma mai nauyin nan da ke cikin tarkacen.

Na tafi Trikania gidan Baba Ƙarami, ina tsoron ya riga ya ƙona allon. Allah ya kiyaye, filoginsa mai faffaɗan ƙafa ya ƙi shiga soket ɗin gidan, kuma ya nemi wurin sa eriya ya rasa. Ka san abin da ya yi da shi? Ya ɗora shi a falo kan kabad, ya rufe da farin leshi, ya aza fulawar roba a kai. Duk baƙon da ya shigo sai ya ɗaga leshin ya ce, "Daga Amurka ɗana ya kawo mini." Kai da bai taɓa tambayar abin da kake karantawa ba, yau ka zama ɗansa.

Sau huɗu ina zuwa ina durƙusawa. Na yi masa bayanin aikinka, na ce maganar yayansa ce a ciki. Ya ce abin da aka raba ya rabu, ba a mayar da kayan mamaci. Mama ce ta gaji da ganina ina dawowa da jan ido, ta ce in kai masa talabijin ɗinta ya ba ni allon. Nan take al'adar ta yi laushi. Ya kunna ya duba, ya buga gefensa, sannan ya aika a kwance masa eriyar kan rufinmu ma, wai ai tare suke. Shi da ya raba naka gida uku, shi ne ya san ba a raba talabijin da eriyarsa. Yanzu da yamma Mama zama take yi a ƙofa tana jin wasan kwaikwayo ta tagar maƙwabta.

Wata huɗu ke nan ina bin allo. Washegarin ranar da na karɓo shi na je Sabon Tasha, Gwaggo ta miƙo mini kwalin kaset tana murmushi. Na ga an manna salatif a kusurwar kowanne, ban kawo komai a raina ba.

Oga Chidi ya share teburinsa. Ya sa taransfoma, ya cusa zagayayyen kan wayar a bayan inji, ya jona ƙananan kawuna uku a bayan allo, kowanne a rami mai launinsa. Ya kunna. Yaya, shuɗi ne tas ya fito, haruffa farare a tsaye cak, ga ɗan ɗigon nan yana ƙiftawa kamar yadda na gani a ɗakinka. Na buga umarnin da ka koya mini, na sa kaset na farko a rikoda na danna. Muka jira har kaset ya ƙare, babu abin da ya fito. Na biyu ma haka.

Ya zare kaset ɗin ya sa a rediyonsa. Sai ga kiɗan tulu da caki, ga muryar Gwaggo tana ja wa zumuntar matan coci baki. Duk shidan, gaba da baya, mun saurara. Oga Chidi bai karɓi komai a hannuna ba, ya dai taya ni ɗaure kayan.

Da na koma wurin Gwaggo, ko a jikinta. Ta ce, "Ai duk sun lalace, 'yata. Na sa na ji ƙara kawai ƙiii, har kaina ya yi ciwo. Na ce maimakon a yi asara, gara a yabi Ubangiji da su." Ƙarar nan ita ce aikinka, haka rubutun kwamfuta yake a kunne, kai ka gaya mini. Salatif ɗin nan ashe na toshe ramin kaset ne don a yi sabuwar ɗauka a kai. Kuma cikin wata na uku ta yi ɗaukar. Da tun ranar rabo na ƙwace kwalin nan, ko na je na karɓa a makon farko, da yanzu ina karanta Baba. Na tsaya ina rarrashin mai leshi. Ƙyamar da nake ji ta kaina ta fi wadda nake ji tasu, kuma tasu ba kaɗan ba ce.

Allon yana ɗakina yanzu, hotonsa garau, babu abin nunawa. Jiya na tambayi Mama wa ya rage da ya san waƙoƙin nan da sunayen kakanni. Ta ce Baba Ƙarami tun yana yaro ya baro ƙauye, bai riƙe komai ba. Mutum ɗaya ce ta rage, Gwaggo Laraba.

Don haka ranar Asabar zan sayi sabulu da sukari, in ɗauki biro da littafi mai kauri, in je in durƙusa a gabanta in ce ta koya mini. Ban san yadda zan kalli bakin nan ina rubuta abin da ke fitowa daga cikinsa ba. Amma zan je, Yayana, saboda kai, da kuma kewarka da ta hana ni sakat.

Ubangiji ya ba ka hutawa. Ya ja kwanan Gwaggo har in gama, ya kuma riƙe mini harshena a gabanta. Amin.

Ƙanwarka da ta yi sakaci,
Hannatu