Inna, Hajo Ta Ƙi Shan Kunun Kanwa

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kabari ya yi miki faɗi, ƙasa ta yi miki sauƙi. Ni ce Ramatu, babbar 'yarki. Kada ki yi mamakin takarda daga hannuna, shekara biyu ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a nan Bagudo. Na san ko da kina raye ba ki karanta boko, balle yanzu. Amma maganar ta ƙi zama a cikina, kuma ba ni da wurin kai ta sai wurinki.

Hajo ta haihu, namiji. Da yake ba kya nan, wurina dangin mijinta suka kawo ta wankan jego, daga can ƙetaren iyaka, ƙasar Dahome. Yau kwananta talatin da uku. Inna, autarki ba ta cin abinci.

Duk abin da na ga kina yi na yi. Ruwan zafi safe da yamma da ganyen darbejiya, kunun kanwa da zafinsa, kifi da yaji har ido ya kawo ruwa. Sai ta karɓi ƙwarya ta riƙe, kunu ya huce a hannunta. Jigidar da na ɗaura mata ranar da ta zo, wadda ya kamata a ce yanzu an ƙara mata zare, zamewa take yi. Tana ba jaririn nono kamar ajiya aka ba ta, idonta a bango. Ranar Juma'a mai zuwa matan gidan mijinta za su zo ɗaukarta, kin kuwa san halin surukai: kafin su gama amsa gaisuwa sun matsa damtsen yarinya, su ji abin da gidan uwarta ya zuba mata.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne na san wannan kallon bangon. Ni ma na yi shi, a ɗakinki.

Kin tuna haihuwata ta fari, shekarar da aka ba mu mulkin kai? Gari ya ɗauki kiɗa, an yanka shanu, ko wanda bai san me ake murna ba ya ci ya ƙoshi. Ni kuwa ina ƙuryar ɗaki, ƙamshin naman yana tayar min da zuciya. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Wani abu ne kawai ya danne min ƙirji, in yi ta kuka ban san dalili ba. In kina yi min wanka na dubi jikina, sai in ji kamar na wata ne aka ara min. Kowa yana jira in yi ƙiba in yi kyau, ni kuma so nake in ƙanƙance har a daina ganina. Har yau ban san sunan wannan abu ba.

Ke kuwa kika kafa kujera a gabana da ludayi a hannu. "Sha, ɗiyag ga. Mi kika so a ce da ni?" Sau nawa na ji wannan a yini, Allah kaɗai ya sani.

Bari in gaya miki abin da na ɓoye. Duk sanda kika juya baya, ta bayan rumbu nake bi in juye wa jar akuyarki kunun. Ita ta yi jegon a madadina. Ta yi sumul, har maƙwabta suna tambayarki me kike ba ta, ke kuma kina cewa albarka ce.

An sha rubutu, an yi hayaƙi. Wani mai magani daga Sharabi ya ce iskar ruwa ce ta biyo ni daga bakin kogin Kwara. Ranar arba'in kika naɗa min zane uku a ƙarƙashin na sama don in cika ido, kika raka ni gidan mijina. Uwar mijina ta matsa damtsena, ta dube ki. Kika juya gida ko ruwan da aka kawo miki ba ki sha ba. Na ji kunyarki, na kuma ji haushinki, har kika rasu ban iya raba su ba.

Yadda na warke ma ban gane ba. Lokacin yankan shinkafa ne, na bi matan gida fadama don kawai in bar ɗaki. Muka yini a sunkuye, jiki ya yi tsami, ba wanda ya damu da bakina. Wata rana da hantsi sai na ji yunwa, yunwa ta gaske, na cinye ɗumamen da aka ƙunso wa mutum biyu. To aikin ne ya warkar da ni, ko rabuwa da idon mutane, ko lokacinsa ne ya yi? In na sani, da tuni na yi wa Hajo.

Shekaranjiya na tsinci kaina zaune a gabanta da ludayi. Na buɗe baki, sai maganarki ta fito, da muryarki, ko kalma ɗaya ban canza ba. Hajo ta ɗago ta dube ni. Na ajiye ludayin na fita.

Wurin Gwaggo Asabe na nufa, yayar Baba, ko tana da wani magani na da. Ta saurare ni tana ɓare gyaɗa, ko a jikinta. "Ai gado na," in ji ta. "Uwakku ma da ta haihe ki, ƙashi da rai anka maido muna ita. Shekara guda 'yan mata na yi mata waƙa bakin rijiya." Ta ma so ta rera min, wai ba ta manta ba. Na ce ta bari.

Inna, ashe kin sani.

Tun daga nan kaina ya kulle. In kin san nauyin nan, kin san abinci ba ya wucewa ta maƙogwaron da ya toshe, me ya sa kika zauna min da ludayi? Me ya hana ki ce min ke ma kin yi, kuma ya wuce? Kalma ɗaya da ta ishe ni. Sai kuma in ce a raina, ai saboda kin sani ne. Kin san waƙar, kina gudun kada a yi min ita. In na ɗauki fushi sai tausayi ya kwance shi, in na ɗauki tausayi sai in tuna kwana arba'in da na yi ina zaton ni kaɗai ce Allah ya yi haka.

Jiya da safe na shiga wurin Hajo hannu wofi. Na zauna kusa da ita na ba ta labarina duka, har da akuyar. Ta yi 'yar dariya, ta farko tun zuwanta, sannan ta kwantar da kai a cinyata ta yi kuka mai yawa. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba ta ci wani abin kirki ba har yanzu. Fura ta kurɓa sau uku, ita da kanta ta ce a dama mata.

Yau na aika wa dangin mijinta da masu zuwa kasuwar iyaka cewa kada su zo Juma'a. Hajo tana nan sai ta ji ƙarfin jikinta, ko wata nawa ne. Maigidana ya ce ba a taɓa yi ba, za a ce mun riƙe matar mutane. Wataƙila shi ke da gaskiya. Ban san ko na gyara ba ko na ɓata, ban kuma san ko da kina nan za ki sa min albarka ko ki zage ni ba.

Na tambayi Gwaggo shekarunki nawa lokacin. Ta ce ba ki wuce sha shida ba. Ko Hajo ta girme ki, Inna. Kuma ba wanda ya zauna kusa da ke.

Allah ya ji ƙanki, ya yafe miki, ya yafe min. Allah ya ba Hajo lafiya, ya raya ɗanta. Yarinyar nan kuma 'yar shekara sha shida da ta yi shekara guda tana zuwa rijiya da kanta a sunkuye, Allah ya hutar da ita a Aljanna.

Taki har kullum,
Ramatu