Ƙafar Gada ta Bakwai

Litinin, 3 ga Maris

Wani ya kankare kawa, 'yar halittar tekun nan mai ɓawo da ke manne wa dutse, a ƙafar gada ta bakwai. Da ruwan teku ya janye da safe na sauka cikin taɓo ina zagaye kamar kullum, sai ga wuri fari fat, faɗin faranti uku, har da tabon wuƙa a jikin dutsen. Raina ya ɓaci, kunun shinkafar ma na kasa sha. Shekara ɗari takwas da ɗoriya, ba siminti ba ƙarfe, ɓawon kawar nan ne ke manne duwatsun da juna, kowa a garin nan ya sani. Ga filayen kawa shimfiɗe har bakin teku, amma mutum ya rasa inda zai sa wuƙa sai gindin abin da yake takawa. Tir.

Laraba, 5 ga Maris

Na kai maganar wurin Kawu Deshui, shugaban dattawan gari. Yana ta wanke ƙananan kofunan shayinsa, ko ɗago kai bai yi ba. Wai in kawo sunan mai laifin ran ashirin ga wata, ranar zama, tunda ni ce mai gadin gada kamar yadda Baba ya yi kafin ni. Hukuncin dai sananne ne: wanda ya taɓa kawar gada a karɓe filin kawarsa shekara uku. A rubutun dutsen bakin gada, na mutanen da, shekara biyu ne na aikin wahala. Da ni ake tambaya, da an dawo da wancan.

Juma'a, 7 ga Maris

Baƙi 'yan yawon buɗe ido, mota biyu. Wata ta hau kafaɗar mutum-mutumin sojan da ke tsaron ƙofar gada ana ɗaukarta hoto, wani ya cusa kofin roba a tsagar dutse. Mai yi musu bayani yana cewa giwaye ne suka jawo falalen duwatsun. Giwaye! Baba ya sha gaya min: a kan katakai ake ɗora su, a jira cikar teku ta ɗaga, a tura su daidai saman ƙafafun, ruwa ya janye ya sauke su da kansa. Na cire kofin dai.

Asabar, 8 ga Maris

An sake. Ta bakwai ɗin dai, wadda ke tsakiyar igiyar ruwa. Yanzu yatsana na shiga tsakanin duwatsu biyu.

Talata, 11 ga Maris

Na kama ta. Lanying ce, maƙwabciyata, wadda muke raba gishiri ta kan katanga shekara talatin.

Na laɓe bayan ƙafa ta shida tun da gari ya waye, ƙafafuna cikin taɓo har gwiwa. Sai ga ta, 'yar gajeriya da ita, da wuƙa da ƙaramin kwando, tana aikin a hankali kamar mai tsince shinkafa. Na kira sunanta. Ba ta ko firgita ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Na zazzage mata duk abin da ke cikina: kakanninta sun bi ta gadar nan, gawarta ma ta nan za a bi da ita, kunya ba ta ishe ta ba?

Ta ce wata huɗu ke nan da mijinta Hongfa ya faɗo daga jirgi, ƙashin ƙugun ya ƙi haɗuwa. Wai surukarta ta taɓa gaya mata kawar da ta riƙe dutse za ta riƙe ƙashi, kuma sai ta tsakiyar igiyar ruwa.

Na ce, "Kin kai shekara sittin kina yarda da wannan shirmen?"

Ta kira ni da sunana ta ce, "Yaya Biyu, likita ya gama nasa. Ni ban gama nawa ba. Rubuta sunan."

Ta ɗauki kwandonta ta wuce. Ko haƙuri ba ta ba ni ba.

Laraba, 12 ga Maris

Na rubuta. Takardar tana ƙarƙashin kaskon turaren Baba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na shiga gidansu don in gaya mata a gaban mijin cewa ba zan janye ba. Ɗakin yana warin magani da fitsari, sai da na toshe hanci. Hongfa, ƙaton da ke ɗaukar injin jirgi shi kaɗai, ya koma kamar busasshen kifi. Yana shan romon kawar. Ya ajiye cokali ya kama hannuna da hannu biyu.

"Na gode, Yaya, da kika yarda a ɗebo min. Na san ba ƙaramin abu ba ne a wurinki. Har na fara jin ƙarfi."

Ashe ƙarya ta yi masa da sunana. Da sunana! Tana tsaye bakin ƙofa tana kallon ƙasa. Na rasa wanda ya fi ba ni ƙyama, ita ko bakina da ya ce, "Sha da zafinsa."

Lahadi, 16 ga Maris

In aka karɓe filin me za su ci? Ba matsalata ba ce. Ita ta jawo.

Talata, 18 ga Maris

Tsagar ta ƙaru. Na auna, yatsa biyu ke shiga. In damina ta zo da guguwa a haka, dutsen ƙasan zai motsa, kuma a zamanina za a ce ta bakwai ta karkace. Ba a zamanin Baba ba, ba a na kakana ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Jiya aka yi zaman. Kawu Deshui ya miƙo hannu yana jiran takarda. Na ce ƙaguwa ce ta yi ɓarnar.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ƙaguwa mai wuƙa, Biyu?"

Na ce bana sun yi wayo. Wasu suka yi dariya, ya zuba min shayi, aka koma maganar fitilun titi. Wannan zaman ma abin ƙyama ne, ba wanda ya tambayi girman tsagar.

Yau na tumɓuke dogayen duwatsu goma sha biyu daga filina, waɗanda kawa ta riga ta kama, rabin abin da zan girba bana. Sawu shida cikin taɓo, bayana kamar zai tsinke. Goma na jera su a kan tsagar na danne, nan da shekara biyu za su manne. Ragowar biyun na jingina su a jikin ƙafar daga gefen gabas. Suna taɓa gada, don haka kawar gada ce, kuma ba abin da suke riƙe da shi. Na kafa su ƙasa-ƙasa, daidai inda gajeriyar mace za ta kai hannu. Ba don kowa ba. Nan ne taɓon ya fi tauri.